Magaryar da Muka Shuka wa Barewa

Ruwan saman Kuala Lumpur ba ya sallama. Da la'asar sai kawai ka ga gari ya haɗe rai, kafin ka kwashe shanya ya sauko kamar ana juye shi da baho, bayan awa guda kuma ya ɗauke, motoci su ci gaba da gudu a titin Jalan Semarak kamar ba a yi komai ba. Babu mai fitowa ya tara bokiti, babu tsohon da ke leƙowa daga zaure ya yi hamdala. Makonnina na farko a garin, duk ranar da aka fara sai in tsaya a barandar gidan 'yata, hawa na goma sha ɗaya, ina kallon ruwan yana bin magudana yana tafiya a banza. Wadda ta yi ƙuruciyarta da gammo a ka, tulu a kan gammo, ba ta iya kallon ruwa irin wannan ranta bai sosu ba.

Jegon 'yata ne ya kawo ni. Mijinta yana karatun digiri na uku a jami'ar da ke kusa da gidan, ni kuma na daɗe da ajiye alli, na yi ritaya daga koyarwa a firamare, mahaifinta ya rasu, babu abin da zai riƙe ni a gida. Muka yi wankan jego yadda ya samu. Babu murhu, babu ƙatuwar tukunya, ruwan zafin daga wata na'ura yake fitowa a jikin bango. Ganyen darbejiya surukina ne ya samo shi a kantin wasu Indiyawa, an ɗaure shi da roba kamar alayyahu. Kanwar kunu kuwa da abata na taho. Da muka yi arba'in lafiya, surukina ya ce ya kamata in ga gari, ba ɗaki da kicin kawai ba. Ya ɗauko tasi ya kai mu wani babban lambu a tsakiyar birni, inda ake kiwon namun daji irin su barewa a cikin shinge.

A can ne abin ya same ni. Akwai wata 'yar dabba da suke kira kancil, kamar gada ce aka rage mata tsawo, ƙafafunta kamar tsinke. Wani ma'aikaci ya zo da faranti, ya zuba musu yankakkiyar tuffa da ganye, sai ɗaya ta matso a hankali, ta ɗauki yanki ɗaya, ta fara taunawa tana karkaɗa kunne. Ƙarar taunar nan ce ta shiga kunnena, ƙas, ƙas, ƙas. Na riƙe ƙarfen shingen na kasa saki.

"Mama, lafiya?" in ji 'yata. "Ko zafi ne? Mu nemi wurin zama."

"Ba zafi ba ne," na ce mata. "Kakanki na tuna."

Ba ta san shi ba, ya rasu kafin a haife ta. Abin da ta sani kawai shi ne maharbi ne. Ranar na gane cewa ban taɓa zaunar da ita na ba ta labarinsa ba, ina ta koya wa 'ya'yan mutane karatu na bar tawa ba ta san daga inda ta fito ba.

Garinmu a lokacin gida bai fi arba'in ba, kuma daji daga bayan danga yake farawa. Da asuba abin da ke tashe mu shi ne luguden taɓarya daga gida zuwa gida, da kukan zabin daji, da tarin Baba yana alwala a bakin rumbu. Idan aka yi kaka, ɗinya takan zuba a ƙasa har a rasa mai tsinta, mu yara leɓunanmu su yi baƙi ƙirin, Inna ta dafa maɗi ta cika kwalabe. Barewa kuwa ba abin labari ba ce. Mai zuwa itace yakan gan su uku, huɗu, sun ɗaga kai suna kallonsa kafin su zabura. Yanzu in ka ce wa yaron garinmu barewa, a littafin aji biyu ya san ta, kuma ni ce ma na riƙa zana musu ita a allo.

Baba yana cikin maharban da ake ji da su. Yakan yi kwana uku a daji da bindigarsa adaka da gorar ruwa, ya dawo da nama a kafaɗa, a raba har maƙwabta. Ina da shekara bakwai ciwon kurkunu ya kama shi a gwiwar dama. Ya yi damina guda a kwance, da ya tashi ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Mutumin da ke cinye daji da ƙafa ya koma dogara sanda zuwa masallaci. Abokan farautarsa sukan biyo su gaishe shi, su ajiye masa cinyar zomo, shi kuma ya yi godiya, in sun tafi ya daɗe yana kallon ƙasa. A daidai lokacin ma namun sun fara ja da baya, saboda gonaki suna ta cin daji, sai an yi tafiyar wuni kafin a ga sawu.

Wata safiya ya kira ni, don ni ce babba, kuma a lokacin babu namiji a gidan. Ya ce in ɗauko ƙwarya in bi shi turken awaki. Ya nuna min ƙasa da sandarsa.

"Kin ga ƙwallayen nan? Na magarya ne da aduwa. Akuya ta haɗiye su a daji, ta dawo tana tuƙa ta furzar. Ki tsince min su duka."

"Baba, me za a yi da abin da akuya ta tofar?"

"Cikinta ya riga ya yi mana rabin aikin. Ƙwallon da ya ratsa cikin dabba ya fi saurin tsirowa. Tunda ƙafata ba za ta kai ni wurin barewa ba, zan shuka mata abin da zai kawo ta wurina."

Haka ya faɗa, kuma haka yake nufi. Ba tausayin dabba ne ya sa Baba ya fara shukar nan ba. Maharbi ne da ya rasa ƙafa, yana neman hanyar da nama zai iso inda harsashinsa zai kai.

Akwai wani fako a bayan gonarmu, ƙasa mai tauri da tsakuwa, ko gero ba ya yi a wurin, daga shi sai daji. Nan ya zaɓa. Ya tsara abin a kansa yadda kowane lokaci na shekara za a sami abin da ke faɗowa ƙasa: ɗinya da kaka, magarya da kanya in sanyi ya shigo, aduwa ta riƙe rani, tsada kuma ta tari bazara. Ƙwallon ɗinya mai taurin kai ne, sai ya jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, wani ma sai ya goga bakinsa a dutse. Muka tara fasassun tukwane da tsofaffin ƙore daga gidajen mutane, muka cika su da ƙasa da taki, muka jera a inuwar rumbu. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai na yayyafa musu ruwa da hannu, ba a kwarara, Baba ya ce tsiro kamar jinjiri ne, ba a ɗura masa. Ranar da na ga magarya ta farko ta fasa ƙasa, 'yar kore kamar kan allura, da gudu na je na same shi har na tuntsurar da ƙwaryar furar Inna.

Da damina ta kankama muka yi dashe. Shi yana zaune a ƙasa, ƙafar nan a miƙe, yana haƙa rami da dagi, ni ina ɗauko tukwanen ɗaya bayan ɗaya a ka. Kowane dashe sai an zuba masa toka saboda gara, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wahalar gaske sai da rani ya zo. Rijiyar gari gaba ashirin ce, kuma daga rijiya zuwa fakon tafiya ce mai ɗan nisa. Sawu uku nake yi da yamma. Ruwan da Inna ta wanke gero, ruwan alwalar Baba da yake tarawa a kasko, babu wanda ke zuba a ƙasa, duk fako ake kai shi. Har yau akwai wani wuri a tsakiyar kaina da gashi bai cika fitowa ba. Mutanen gari suka sami abin dariya. In Baba zai wuce majalisa sai wani ya ce, "Sannu da noman magarya! Bana buhu nawa ake sa rai?" Abin da Allah ya shuka kyauta a daji, wai mutum da hankalinsa yana ba shi ruwa. Baba sai ya wuce abinsa. In na yi fushi sai ya ce min, "Bar su. Dariya ba ta hana saiwa tafiya ƙasa." Ba wani karatu ya yi ba, amma in ya sa abu a gaba, ko kallon gefe ba ya yi.

A shekara ta uku masu neman gafiya suka sa wuta a daji, iska ta kwaso ta ta bi ta fakon. Ƙayar da muka kewaye dashen da ita ce ma ta zama makamashi. Da muka je da safe babu komai sai baƙin toka da 'yan sanduna suna hayaƙi. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, na ce ni na gama, ba zan ƙara ɗaukar tulu ba. Baba bai lallashe ni ba. Ya ja jiki zuwa gindin wata magarya, ya tone ƙasa da yatsa, ya karce jikin saiwar da farce, ya ce in zo in gani. Ƙarƙashin baƙin nan ɗanye ne shar.

"Wannan tana nan. Je ki duba ta gaba."

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Fiye da rabi sun mutu, kanya kusan duka. Da yamma ya miƙo min ƙwarya ya nuna min turken awaki, muka sake daga farko. Daga shekarar, duk ƙarshen damina sai mun share ciyawa mun yi wa fakon fili kewaye, don kada wuta ta sake samun abin bi.

Shekara takwas muka yi a haka. Na gama firamare, aka ɗauke ni makarantar horon malamai ta 'yan mata, ƙannena mata biyu suka gaji tulun. Magarya ta yi kai ta fara zuba, tsada ma haka, ɗinya ta fi ni tsawo. Zomaye suka fara zuwa, sai gada, amma barewa ko sawunta. Ina hutun sanyi a gida Inna ta haifi autanmu, namiji ɗaya tilo bayan mata uku. Shekarar ba a sami amfanin gona sosai ba, ragon suna ma da ƙyar aka haɗa, kafin mako biyu babu sauran nama a gidan, ga mai jego tana buƙata. Kwatsam wata yamma Baba ya dawo daga fako yana sauri har sandarsa tana tuntuɓe. Ya ce ya ga sawu, sabo, na barewa uku. Ya sauko da bindigar da ta yi shekaru a rataye, ya goge ta da man shanu, ya ɗura albarushi. Inna daga ɗaki ta ce Allah ya ba da sa'a, har ta sa aka wanke tukunya.

Bayan sallar asuba muka fita, ni ina ɗauke da bindigar saboda sandarsa, kuma ni ce zan taya shi ɗaukar naman. Ya ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska ke bi, sannan muka kwanta a bayan wani suri. Sanyi yana shiga ƙashi. Gari ya fara haske, kurciya ta fara kuka, sai ga su sun fito daga cikin sabara, uku, suna taku ɗaya suna tsayawa. Ban taɓa ganin barewa kusa haka ba, har ina ganin hancinta yana motsi. Ta gaban ta nufi gindin wata magarya, ta sunkuya ta fara tsinta. Ƙas, ƙas, ƙas. Baba ya ɗora bindigar a kan surin, ya kwantar da kumatunsa, yatsansa a kan kunamar bindigar. Na toshe kunnuwana ina jira. Na jira har hannuwana suka gaji, ban ji komai ba. Da na juya sai na ga ya ɗauke yatsansa daga kan kunamar.

Ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "Kin gane itacen? Wadda ta fara tsiro miki ce, ranar da kika zubar wa uwarki fura."

Na gyaɗa kai.

"To ki buɗe kunnenki ki ji yadda ake cin wahalarki."

Ya sauke bindigar a hankali ya kwantar da ita. Muka yi ta kallonsu har suka ƙoshi, rana ta fito, suka juya suka shige daji ba tare da sun san da mu ba.

Inna ba ta ɗauki abin da wasa ba. Tana zaune a bakin gado da jinjiri a cinya ta ce, "Malam, shekara takwas kana kwashe min ruwan gida kana ba itace, ka sa 'ya'yana sun yi sanƙo, yau nama ya kawo kansa ka tsaya kallo?"

"Na ɗaga," in ji Baba. "Hannun ne ya ƙi."

"Hannun ya ƙi! Ni kuma in sha romon me?"

Baba ya ce, "Da ni na bi su gidansu, da farauta ce. Amma ni na kira su, suka amsa. Ban san yadda ake harbin baƙo yana cin abinci ba."

Ranar ya yanka ɗan akuyar da yake tanadi don babbar salla, aka yi wa Inna farfesu. Ta sha, amma ta yi kwana uku ba ta amsa masa magana sai da ka.

Daga nan aikin ya juye. Mutumin da ya shuka fako don ya harbi barewa ya koma gadinta. Bindigar ba ta sake ganin harsashi ba, albarushi zalla yake ɗura mata, in ya ji haushin karnukan 'yan farauta sai ya harba sama, namun su watse kafin a iso. Wannan ya jawo masa baƙin jini, har da ƙaninsa, Baffanmu, wanda ya ce dabbar daji ba ta da ubangida. Baffa ya ɗana tarkon waya a ɓoye a gindin tsada. Baba ya tarar da gada a ciki, ƙafarta ta karye har ƙashi ya fito. Da hannunsa ya yanka ta don ya hutar da ita, ya saɓa ta a kafaɗa, ya dogara sanda har ƙofar gidan Baffa, ya ajiye a gabansa tare da wayar.

"Ga namanka, ka ci, halal ne. Amma in na sake ganin waya a fakon nan, gaban mai gari za mu je, ko da uwa ɗaya ta haife mu."

Sai da aka yi salla biyu kafin su koma cin abinci tare. Amma ba a sake ɗana tarko ba, kuma har Baba ya bar duniya, duk sanyi barewa suna zuwa. Waɗanda suka yi masa dariya su ne suka riƙa turo 'ya'yansu roƙon ɗinya.

Bayan rasuwarsa kowa ya kama gabansa. Aure da aiki suka kai ni birni, ƙannena mata ma haka, autanmu ya shiga kasuwanci. Nakan je gida da salla, in ce gobe zan leƙa fako, goben ta zo mota tana jira. Ba zan ɗora wa kowa laifi in cire kaina ba.

Duk wannan na ba 'yata labari a cikin kwanakin da suka biyo bayan zuwanmu lambun, tana shayarwa ina ninke kayan jinjira. Kuma hannuna ya fara ƙaiƙayi. Akwai wani ɗan itace da surukina ke sayowa, ja mai duhu, kamar ɗinyar da ta ƙoshi, suna ce masa fulam, da wasu ƙananan tuffa masu tsami. Na tara ƙwallayen da 'ya'yan, na samu robobin man shafa burodi na huda gindinsu, na sa aka sayo min ƙasa a leda, abin da ban taɓa zaton ana sayarwa ba. Na shuka na jera a baranda. Mako uku shiru. Na jiƙa wasu a ruwan zafi irin na Baba, suka ruɓe. Surukina, yaro mai kunya, ya daɗe yana kallona kafin ya duba wayarsa ya ce, "Mama, ai waɗannan 'yan ƙasar sanyi ne. Wai sai sun ji sanyi na wata biyu suke yarda su tsiro. A naɗe su a ɗanyen tsumma a sa a firji." Na yi dariya har da hawaye. Namu sai sun ratsa cikin akuya, nasu sai sun kwana a firji. Na fasa ƙwallayen fulam ɗin na ciro 'ya'yan ciki, na naɗe su tare da na tuffa, na tura bayan robar kunu, na ce kowa ya taɓa min ni da shi.

Suna cikin firjin ne autanmu ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce gari ya iso gonar Baba, sabon titi ya bi ta gabanta, 'yan'uwa sun ce a raba gado kowa ya san nasa. Ya ce ya ware min wuri a bakin titi, in na so in gina shaguna.

"Fakon fa?" na tambaye shi.

Ya ce, "Yaya, ai babu komai a fakon. Masu gawayi sun shiga tun bara waccan da injin yanka. Kanya ɗaya ta rage, sai kututture."

Na nemi kujera na zauna. Na ce, "Ba ka gaya min ba."

"Ban so in tayar miki da hankali ba ne."

"To ka ji. Ku raba bakin titin a tsakaninku. Ni fakon nake so, a rubuta shi a rabona."

"Yaya, tsakuwa ce fa. Kuma in don barewa ne, wallahi an fi shekara talatin ba a ga ko ɗaya ba a yankin nan."

"Ban tambaye ka ko za ta zo ba. Baba ma shekara takwas ya yi bai ga sawu ba. Ka je ka tone min gindin kututturen magarya guda ɗaya, ka karce saiwar, ka kira ni ka faɗa min abin da ka gani."

Bayan kwana biyu ya kira, muryarsa wata iri. Ya ce ya duba bakwai, huɗu ɗanyu ne.

A nan rigimar ta koma cikin gida. 'Yata ta sami gurbin karatun digiri na biyu, za ta fara nan da 'yan watanni, kuma sun riga sun shirya ita da mijinta cewa zan zauna in riƙe jinjirar har shekara ta zagayo. Har ya karɓo takardun ƙara min wa'adin zama. Ni kuma na san in ba a yi rainon iri tun bazara ba, damina za ta zo babu abin dasawa, shekara guda ta tafi. Mai shekaruna ba ta da shekarun zubarwa. Na faɗa musu muna cin abinci.

'Yata ta ajiye cokali. "Mama, yanzu itace ya fi jikarki?"

"Bai fi ta ba."

"To mene ne? Nan ga asibiti, ga wuta, ga ruwa, ko tsinke ba ki ɗauka. Ki koma ƙauye da hawan jininki ki shiga rana saboda dabbar da babu ita? Wa zai riƙe min yarinya? In kai ta gidan raino ta tashi ba ta jin Hausa?"

Maganarta gaskiya ce, kuma ta yi min ciwo. Na ce mata, "Ke kina da miji, kina da ƙarfi, kina da maƙwabciya mai kirki da ta ce za ta riƙe ta. Fakon nan ba shi da kowa sai ni. Duk duniya ni kaɗai na rage da ta san inda kowane rami yake. In na zauna nan na mutu, a kaina zai ƙare."

Ta tashi ta shige ɗaki. Kwana biyar muna gaisawa kamar baƙi. Ina yi wa jinjirar wanka ina kallon fuskarta, zuciyata tana cewa zauna, ina ce mata a'a. Ban taɓa sanin abin da Baba ya ji a gaban Inna ba sai a kwanakin nan.

Rana ta shida na buɗe tsumman firji don in ƙara masa ruwa, sai na ga 'ya'yan tuffa uku sun fasa, kowanne ya fito da farar saiwa kamar zare, fulam ɗaya ma ya buɗe baki. Na mayar da su cikin ƙasa, cikin mako suka ɗago da ganye bibbiyu. Surukina ya ce da wuya su yi 'ya'ya a zafin garin nan, kuma ba a barin mutum ya hau jirgi da shuka. Na ce na sani. Ni dai so nake in gani ko hannun nan yana tsirar da abu har yanzu, kuma na gani. Na kwashe su na kai wa maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasar da barandarta ke cike da tukwanen shuka. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, ta karɓa da hannu biyu tana cewa, "Boleh, boleh," wato babu damuwa, za ta iya.

Jiya muka je kantunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen tsaraba, mayafai da yadudduka na 'yan'uwa. 'Yata ta ce in jira ta a wani kanti da jinjirar, ta ɓace kusan rabin awa, ta dawo da leda a ƙulle. Yau da hantsi ina haɗa kaya, surukina ya ɗora akwatin a ma'auni ya ce ya cika taf, ko allura ba za ta ƙaru ba. Sai ga 'yata ta shigo da ledar nan. Ta durƙusa ta buɗe akwatin, ta zaro yadi biyu daga cikin waɗanda na fi so ta ajiye a gefe, ta ciro takalmin roba mai dogon wuya, irin na masu aikin lambu, da malafa mai faɗi, ta danna su a gurbin.

"Lamba talatin da tara, ko? Na gwada da silifanki." Ba ta ɗago ta kalle ni ba. "Wurin da aka yi shekaru ba a shiga ba, akwai macizai. Kada in ji an ce kin shiga da silifa. Kuma maganinki da safe, kafin ki fita, ba bayan kin dawo ba."

Na ce to.

Ta ja zif ɗin akwatin, ta hau kai ta zauna don ya rufu, sannan ta share idonta da bakin mayafi.

"In ta fara tafiya zan kawo miki ita," ta ce. "Ki bar mata rami ɗaya."